Talalar Barira

Sabon Gari,
Wudil.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina kuma yi miki addu'ar da na saba tun kina goye: Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya raba ki da sharrin hanya da na mutum da na ruwa, ya sa duk inda kika sa ƙafa ki tarar alheri ya riga ki isa. Na san za ki yi dariya. Ɗakinki ga shi nan jikin nawa, ko tari na yi kina ji, amma na zauna ina rubuto miki wasiƙa. To yi dariyarki. Kin san bakina. In na fara magana da ke a kan tafiyar nan, kafin na kai tsakiya na hau faɗa, ke kuma ki sunkuyar da kai kina murza gefen mayafi, a tashi ba a ƙulla komai ba. Biro ya fi bakina ladabi.

Ga inda muke. Makarantar koyon injin jiragen ruwa, can bakin teku, ta ɗauke ki. Abbanku ya yarda tun ranar farko, har da rawar jiki. Ni ce na ƙi cewa uffan. Ke kuma kin kafe ba za ki ɗaga ƙafa ba sai na ce miki “je ki” da bakina, in kuwa motar Asabar ta tashi ba ke, gurbin ya tafi ga wani. Ina sane, ban manta ba. Amsarki tana cikin takardar nan, amma kar ki yi min halinki na leƙa shafin ƙarshe. Ki biyo ni a hankali. Sai na bi ta kan littafina da shirmen da na tafka a cikinsa kafin na iso kanki, don ta nan ni ma na gano amsar.

Ke kika ja min littafin nan, in kin manta. Kina shekarar farko a jami'ar garin nan kika zo da wayarki kina nuna min hotuna: birane cike da bututu da hayaƙi, injuna na tagulla, jirage kamar kabewa suna lilo a sama, ba fetur, ba lantarki, komai tururi ke tuƙa shi. Kika ce wani nau'in labarin kimiyya ne, marubuci ya ɗauka duniya ta tsaya a zamanin injin tururi ta ci gaba a haka. Kika faɗi sunansa da Turanci, har yau bakina ya ƙi kama shi, ni labarin tururi nake cewa. Kina ta zuba, ni kuwa hankalina ya riga ya tafi ƙauyenmu Kausani, gindin murhun Inna wadda kika ci sunanta. Ina yarinya, in ta ɗora dambu, nakan tsuguna ina kallon murfin madambaci yana rawa shi kaɗai. Na tambaye ta wa ke ɗaga shi. Ta ce, “Aljanin tukunya ne, fita yake so. Matsa kar ya mare ki.” Shekara da shekaru ina koya wa 'yan mata tarihi, abin da ya faru kawai, ranar nan sai ga ni da tambayar abin da bai faru ba: da a ce maƙeran Wudil ne suka fara kama aljanin nan suka sa shi aiki, tun ba a san fetur ba, yaya garin nan zai kasance? Tambayar ta hana ni sakat har sai da na sayo takardu.

Da na fara, aro na yi. Na koma kan hotunan wayarki na kwashe komai yadda na gan shi. Jarumina wani dogon mutum ne mai kwat har gwiwa, da doguwar hula kamar an kifa turmi, da safar hannu, yana tafe cikin ƙanƙara, wai a Wudil. Na ba Abbanku ya karanta. Bazara ce, bayan la'asar, yana kan tabarma gindin dalbejiya daga shi sai singileti, yana fifita da kwali. Bai yi nisa ba ya ɗago.

“Malama, wannan bawan Allah a garin nan yake?”

Na ce eh mana.

“To a kai masa ruwa. Wallahi kafin ya ƙetare gada ya suma.”

Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Na fizge takarduna, ranar da gangan na cika wa miyarsa barkono. Amma gaskiya ya faɗa. Ranar Juma'a na yafa mayafi na shiga kasuwa, ba don cefane ba. Na tsaya wajen masu tukwane, na leƙa kara na ga yadda ake lodin shanu, na zauna kusa da rumfar maƙera har ƙarar guduma ta toshe min kunne, na gangara bakin kogi ina kallon masunta. Garin da na yi rayuwata a ciki, ashe ban taɓa kallonsa ba, wucewa kawai nake yi. Na dawo na cire wa mutumin nan kwat, da na ga ba kowa a ciki sai na kore shi gaba ɗaya. Barira ta maye gurbinsa, 'yar maƙera mai taurin kai wadda ta girma tana zuga wa ubanta wuta. Injunanta ɓuntun shinkafa suke ci, ana kawo mata shi daga Indabo a kan jakuna. Ta ƙera takarkarin ƙarfe mai huɗa yana huci. Babban burinta kuma kwalekwalen sama: jirgin masunta a rataye ƙarƙashin ƙatuwar jakar fata da dukawa suka ɗinka, ga tukunyar tururi a tsakiya tana kaɗa fukafukai.

Ke ma za ki je inda komai nasu daban ne, sutura, abinci, har gaisuwa a tsaitsaye suke yi. Ki koyi aikinsu tas, kar ki bar musu ko ƙusa. Amma kar ki sa kwat ɗin kowa don a ce kin waye. In sun gaishe ki da kalma ɗaya za su wuce, ke ki tambayi gajiyarsu da mutanen gidansu, za su saba. Abu ɗaya na yarda ki canza, dogon mayafin nan naki. Kar ki kuskura ki kusanci inji yana reto a jikinki. Ki sa ƙaramin hijabi ki cusa shi cikin rigar aiki. Wannan a wajen Barira na koya, don saura ƙiris na shaƙe ta da hannuna a tsakiyar littafi, ranar da na sa mayafinta ya shiga inji.

Kalmomi ma sun ba ni wuya. Na taɓa rubuta cewa Barira ta yini tana haɗa giya. Hajiya Saude, malamar addinin makarantarmu, ta karanta a ɗakin malamai, ta ajiye takardar a hankali ta ce, “Malama, yarinyar nan 'yar Musulmi ce kuwa?” Ni giyar inji nake nufi! Daga ranar na koma cewa faifai mai haƙora. Amma wannan wasa ne a kan abin da Ya Falmata ta yi min.

Kin san ta, Babarbariyar nan mai shagon buga takardu a bakin ƙofar jami'a. Na kai mata rabin littafin ta buga min a kwamfuta. Rubutuna dai ba sai na gaya miki ba, kamar kaza ta yi tono. Da na karɓo na buɗe a gida, sai na ga duk inda na sa tururi ta mayar da shi turare. Injin turare. Tukunyar turare. Jirgi mai tafiya da ƙarfin turare. Daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya ba! Oh ni 'yasu! Na tari a-daidaita-sahu ina huci, na faɗa shagon ko sallamar kirki babu.

“Ya Falmata, wane irin ɗanyen aiki ne wannan? Tururi na rubuta. Tururi, na tafasasshen ruwa!”

Ko gezau. Ga kaskon turarenta yana hayaƙi a ƙarƙashin tebur. Ta gyara zama ta ce, “Yo ni ai na ɗauka gyara miki nake. Wace mace mai hankali za ta cika littafi da tururi, ga turare? Ku Fulani dai ba ku san daɗi ba, sai ƙarnin nono.”

Kin san wasan da ke tsakaninmu da Barebari, jinin Inna ne ya ja min. Amma ranar ban ga abin wasa ba. Na zazzaga mata masifa a gaban ɗalibai masu jiran aikinsu, na ce ba ta san hannunta ba, na kwashe takarduna na fito. Da yamma kika ɗauka kina karantawa da ƙarfi kina ƙyalƙyala dariya, ni kuma ina ta cika ina batsewa. Can sai kika daina dariya. Kika ce, “Mama, tsaya. Kin ce garin cike yake da hayaƙin ɓuntu. Matan Wudil za su yarda shanyarsu ta riƙa ƙauri kullum? Ai sai sun zuba wani abu a wutar.”

Ikon Allah! A nan littafin ya samu ransa. Na mayar da tururina wurinsa, amma na bar turaren a cikin wutar injunan. Kowace sana'a da nata: masunta kajiji, fatake sandal, maƙera ƙaro. Tun jirgi bai iso gaɓa ba an san na wane ne ta ƙamshi, makaho ma ya san wanda zai hau. Mugun mutumin da ke cikin littafin kuwa da haka asirinsa ya tonu, don shi kaɗai ne injinsa ba ya ƙamshin komai. Duk wanda ya karanta, wurin nan yake fara yaba min, ni kuma na yi ta gyaɗa kai kamar dabarata ce. Na koma wajen Ya Falmata da ƙwaryar fura da nono na ba ta haƙuri. Ta shanye tas tana cewa ba daɗi, ta ce sai an sa sunanta a bangon littafin.

Zuciyata tana gaba da hankalina, Ummi, kuma kin ɗebi rabonki, kar ki musa. In wani ya yi kuskure a aikinki, ki dube shi tukuna kafin ki buɗe baki, wani kuskuren ya fi abin da kika shirya kyau. In kuma ke kika yi wa mutum ba daidai ba, ki koma da ƙafarki. Kar ki tura saƙon waya ki ce kin ba da haƙuri.

Sai kuma ranar da unguwa ta sa wa suna ranar dambun sama. Wannan kam ko ban rubuta ba maƙwabta sun rubuta min. So nake na ga da idona ko tururi zai iya juya wani abu, don kar na yi wa masu karatu ƙarya. Na yanka gwangwanin madara na yi 'yar fanka. Na ɗora dambu, don kar a yi asarar wuta, na liƙe madambacin da ƙullu ta ko'ina, har murfin, na ɗora masa dutse, na bar ɗan siririn kara guda inda tururin zai fito ya bugi fankar. Ta juya kuwa! Na yi guɗa ni kaɗai a kicin. Ashe tsaki ya hau ya toshe karan. Ina juyawa na ɗauko wayata na yi miki hoto, sai ji na yi fam! Murfi ya yi gabas, dutse ya yi yamma, dambu ya manne a silin, zogale har kan gashin girata. Maƙwabta suka shigo da bokitai, Abbanku ya faɗo gida ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Da suka ga ba abin da ya same ni, aka yi ta dariya har wata ta zauna a ƙasa.

Ke kaɗai ce ba ki yi dariya ba. Kika dawo daga makaranta kika ji labari, fuskarki ta canza. Kika kama hannuwana kina jujjuyawa kina neman ƙuna, sannan kika hau ni da faɗa kamar ke kika haife ni. “Mama, duk tukunyar tururi sai an yi mata hanyar huci, in ƙarfi ya yi yawa ta saki da kanta. Da ta ƙarfe ce kika liƙe haka, da yanzu wani zancen ake.” Kika ɗauko takarda kika zana min yadda abin yake, zanen da yanzu yake cikin littafin. Ina kallon hannunki yana tafiya ba gargada, raina ya yi fari, gabana kuma ya faɗi, don ranar na san aikin nan ya shiga jininki. To abin da ba ki sani ba ki tambaya, ko a wajen wanda kika girma ne. Cewa “ban sani ba” a gaban inji ba abin kunya ba ne. Ni da na jira ki dawo na tambaye ki, da silin ɗina yana nan fari.

Yanzu na iso inda nake ta kewaye-kewaye, babin ƙarshe. Barira ta gama kwalekwalen sama, burinta tun farkon littafi ta tashi ta je ta ga teku. Ga yadda na rubuta: jirgin ya tashi sama da gada, gari ya fito, mata na guɗa. Amma uwarta ta ɗaure shi da doguwar igiya a gindin tsamiyar bakin kogi, don tsaro. Ta leƙo daga sama ta ga gonaki da kasuwa da rufin gidansu, ta ce ai babu inda ya fi gida, ta sauko. Daga nan ta riƙa ƙetarar da mutane da shi ranar kasuwa. Ni dai na ga ya yi daɗi, har na yi hamdala. Kika karanta kika ajiye.

“Mama, Barirar da na sani ba za ta yi haka ba. Wannan ba ita ba ce, ke ce.”

Na ce wai ni da ke wa ke rubuta littafin? Na ce kin fara girman kai tun ba ki tafi ba. Na kai wa Ya Falmata abina. Ba a jima ba ta kira ni a waya.

“Malama, kin manta ba ki kawo ƙarshen ba.”

Na ce ga shi nan a hannunki.

“Wannan? Wannan ai talala ce. Akuya ake yi wa haka, a sakar mata igiya ta ɗauka yawo take. Ni dai zan buga tunda aikina ne, amma ki cire sunana daga bango.”

Na kashe wayar ina tsaki. Kalmar kuwa ta ƙi barina. Ina tankaɗe, talala. Ina gaban allo ina koyar da daular Borno, talala. Sai da na zauna na tambayi kaina yaushe ma na rubuta babin nan. A makon da takardar makarantarki ta zo ne. Littafi guda na yi ina gina yarinya mai taurin kai, na ba ta wuta da guduma, na bar ta ta ƙone hannu ta tashi, da lokacin tafiyarta ya zo sai na ɗaure ta a tsamiya na sa mata maganata a baki. Tsoro ne, Ummi, ba wani abu ba. Ban taɓa ganin teku ba. Kogin nan namu ma in ya kawo da damina ba na son kallonsa daga kan gada. Ina tsoron ruwa, ina tsoron mutanen da ban sani ba, ina kuma tsoron na gama shafi na ɗaga murya na ce “Ummi zo ki ji” a yi shiru. Na ƙarshen nan ya fi sauran ci na, kuma shi ba matsalarki ba ce, tawa ce.

Na sake rubuta babin. Ya ba ni wuya fiye da duk sauran, don sai da na rasa wanda zai tsinke igiyar. Na fara ba Barira wuƙa, ta ƙi karɓa. Yarinyar nan ba za ta yanke igiyar da uwarta ta ɗaura ba, gara ta tsufa a saman tsamiya. Na gwada kawo guguwa ta tsinke ta, na ga wannan ragwanci ne, ina so a tafi amma kar a ce ni na sallama. Daga ƙarshe sai ga uwar Barira ta keto taro, ɗankwali a karkace, da wuƙar kicin a hannu tana warin albasa. Wuƙar ma dakusasshiya ce, ba ta yanke a sara ɗaya ba. Tana gurzawa tana kuka tana ɗaga kai sama tana faɗa: kin ɗauki ruwan sha? Kin ɗauki bargo? Ban da tsayuwa a bakin jirgi! Har igiyar ta rabu. A nan littafin ya ƙare, tana tsaye da guntun igiya a hannu, ƙamshin ƙaro yana ta yin nisa. Ya Falmata ta buga shi tana jan hanci, wai hayaƙin kaskonta ne.

To Ummi, na yarda. Ki haɗa kayanki.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ko jirgi yana tangaɗi. Ki ci abinci, ban da zama da shayi kawai. Ki kira Abbanku, don shi mai rawar jikin nan shi zai fara zama jugum, na san shi. Ni kuma in kin kira kika ji ina faɗa, kewa ce, kar ki kula. Allah ya yi miki albarka, albarkar da ba ta yankewa. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a tudu da kan ruwa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya ba ki ilimi mai amfani, ya sa hannunki ya zama sanadin tsirar duk wanda ya hau jirgin da kika taɓa. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min kwanakin nan da na bar ki a tsaye.

Na san kin ce da baki kike so, ba a takarda ba. In kin gama karantawa ki same ni a kicin. Zan faɗa. In kin ga na daɗe ban faɗa ba, ki ɗan jira ni, wuƙar tawa ma ba kaifi gare ta ba.

Wassalam,
Mamanki.